Hutun Kashe-mu-gani

A gidan hayarmu ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. A gaban idonsa Injiniya muke cewa, in ya ba da baya kuma Kashe-mu-gani. Ni na laƙaba masa sunan, kuma ya bi shi kamar jela.

Ni mai wanki da guga ne. Shagona a jikin ƙofar gidan yake, duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gaban teburina ya karɓi rabonsa na baƙar magana. Karatuna bai yi nisa ba, amma wanda ya daɗe yana guge wa mutum riga ya san shi fiye da likitansa. Rigunan Injiniya duk farare ne, aljihun hagu kullum da tabon biro. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rigar sanyi. A tsakiyar zafi, lokacin da kare ma ke neman ƙarƙashin mota, sai ya kawo mini rigar sanyi mai kauri in wanke. Na tambaye shi ko a cikin firiji yake aiki. Ya ce kusan haka ne.

Na ɗauka zolaya ce, sai ranar da ya manta rigar taro ya sa na kai masa wurin aiki. Kamfanin dakon kaya ne babba, da manyan motoci jere a fili da ɗakunan ajiya kamar unguwa guda. Aka saukar da ni ƙasan bene, aka tsayar da ni gaban bangon gilashi. Sanyi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana cizon yatsun ƙafa. A ciki ga wani baƙin abu tsaye kamar kabad ɗin amarya, yana gurnani a hankali, 'yan fitilu na ƙifta ido a jikinsa. Na ce masa wannan ne ke hana shi cin abinci da zafinsa? Ya ce shi ne babban injin, kuma duk motocin da na gani a waje da izininsa suke motsi.

Da ya ga ban gane ba sai ya kawo mini misali da gidanmu. Inji ɗaya ne, amma ya yanka cikinsa ɗaki-ɗaki, ɗakuna marasa bango, kowane ɗaki yana ganin shi kaɗai ne kwamfuta a duniya. A kowane ɗaki akwai ɗan haya, shi ne manhajar da ke aiki a ciki. Wani ɗan hayar albashin ma'aikata yake haɗawa, wani yana lura da kayan da suka shiga ɗakin ajiya da waɗanda suka fita, wani kuma shi ke buga takardar fita, wadda in babu ita mai gadi ba zai ɗaga wa mota ƙarfe ba ko direba zai yi birgima. Famfo ɗaya suke sha, mita ɗaya suke ja. In wani ya yi babakere a famfo har sauran suka fara shaƙewa, Injiniya ya rage masa rabo. In wani ya kwanta ciwo, Injiniya ya binciko abin da ya ci a ƙarshe. In za a yi wa wani sabon faci, wato gyaran manhaja, sai an fara gwadawa a wani ɗakin gwaji da ba mai kwana a ciki.

Na ce masa ashe duk karatun nan wakilin mai gidan haya ya zama, sai dai nasa 'yan hayar ba sa shanya tsumma a igiyar maƙwabci. Ya ce suna yi, ban dai san kalar tsummansu ba ne.

A nan ya gaya mini dabarar da ta jawo masa suna. A cikin injin akwai tsofaffin ɗakuna da ba wanda ya san mai su. Waɗanda suka gina su sun bar aiki ko sun bar duniya, su kuma ɗakunan suna nan suna shan wuta. Sai ya zagaya ofis-ofis yana tambaya, kowa ya ce ba nasa ba ne. To, ba ya rushewa. Sai ya kwafe abin da ke ciki ya adana, ya kashe ɗakin, ya naɗe hannu yana jira. In wani ya yi kuka, ya kunna masa, ga shi kuma ya san mai ɗakin. In wata ya ƙare ba wanda ya ko yi tari, ya share wurin ya ba masu buƙata. Sharaɗin ɗaya ne, ya ce: in an kashe a kashe gaba ɗaya. Kashewar rabi da rabi ƙarya take faɗa wa mutum.

Da a ofis ya tsaya da dabarar da ba mu da ta cewa. Wata safiya ya tsaya gaban allon mitar gidanmu, ya ga wata wayar lantarki da ta zagaya ta bayan banɗaki. Ya bi ɗaki-ɗaki yana tambaya, ba mai ita. Ya zare ta, ya tafi aiki. Kafin rana ta yi sanyi sai ga mai gida ya fito daga ɓangarensa da ledar ƙanƙara tana ɗiga a hannunsa, yana neman wanda ya kashe masa firiza, firizar da muka daɗe muna ciyarwa da wutarmu ba mu sani ba. Tun daga ranar sunan ya zauna daram.

Matarsa, Maman 'yan biyu, ita ta fi kowa shan wannan karatu. In ta yi fushi ba ya tambayar me ya yi mata, sai ya tambaye ta me aka canza tun jiya. In za su gyara zaman falo ba ya yarda a matsar da kujera da tebur a rana ɗaya, wai in aka yi tuntuɓe ba za a san wanne ya jawo ba. Ta taɓa gaya mini cewa da ana aure na gwaji, da tabbas da wata ya fara gwadawa kafin ya zo gidansu. Duk da haka ba ta bari wani ya taɓa shi. Ni kaɗai ta ba lasisi, shi ma don ina cire mata tabon biro kyauta.

Haka rayuwarsa take tafiya, shekara na bin shekara, injin bai taɓa tsayawa har a ji a gari ba. Sai aka kawo sabon manaja. Mu a unguwa Ɗan Kwat muke ce masa, don ko rana na dafa ƙwai ba ya rabuwa da kwat. An turo shi ya rage ma'aikata, kuma ba sakarai ba ne. Ya ji labarin dabarar Injiniya, ya yabe ta a gaban taro har aka tafa. Sannan ya kira shi ofis ya ce ya duba ya ga injin ba ya ciwo, ya rasa gane ko Injiniya ne ke hana shi ciwon ko dama lafiyayye ne. Saboda haka, ya ce, Injiniya ya tafi hutu har ƙarshen wata. In an yi kuka, kujerarsa na nan. In ba a yi ba, za a yi masa godiya a ba shi agogon bango.

A kan bencina ya zauna ya ba ni labarin. Na yi dariya har na kusa ƙone wandon wani malamin makaranta. Na ce masa wanzami dama ba ya son jarfa. Amma da na ɗago na dubi fuskarsa sai dariyar ta maƙale. Furfura ta ci rabin kansa, 'yan biyu na shirin shiga babbar makaranta, irin injinsa kuma ba kowane kamfani ke da shi ba balle ya ce zai ɗauki jaka ya ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba. In wata ya ƙare shiru, shi ke nan, an share ɗakinsa.

Kwanakin farko a cikin gida ya yi su, kuma kicin ɗin Maman 'yan biyu ne ya ji a jikinsa. Ya tattara murafen tukwane da ya ce bai ga tukwanensu ba ya ɓoye a saman kabad, wai ya ga ko za a yi kuka. Aka yi. Ya ɗauke wata tsohuwar roba da ke bayan ƙofa, ashe ita ke tare ruwan da ke ɗiga daga famfo. Nan ma aka yi. A ƙarshe ta riƙo hannunsa kamar mai kai yaro makaranta, ta zaunar da shi a bencina, ta ce in riƙe mata shi amana har lokacin cin abinci.

A bencin ne na gano abin da ke faruwa. Kowace safiya wayar hannunsa sai ta yi ƙara. Abokiyar aikinsa ce, wata dattijuwa da suka daɗe tare a ƙasan benen nan, yana ce mata Malama. Murya ƙasa-ƙasa take magana, kamar mai sayar da kayan sata. Yau ta ce ɗakin kaya na cikin injin ya cika har ya fara nishi. Gobe ta ce tun da aka yi wa ɗakin albashi faci yake jan ƙafa. Shi kuma sai ya rufe ido, ya ɗora yatsu a kan wandon mutane da ke teburina yana dannawa kamar madannin kwamfuta, yana ce mata ta duba nan, ta share can, ta mayar da facin jiya yadda yake. In an gama ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda ya sha ruwan sanyi. Can anjima kuma ya rafka tagumi ya ce mini har yanzu fa ba wanda ya yi kuka.

Na bar shi ya yi haka sau da yawa, don abin na ba ni nishaɗi. Wata safiya dai na ajiye dutsen guga na ce:

"Injiniya, ranar da ka zare wayar mai gida, ka tsaya a gaban firizarsa kana yi wa ƙanƙara fifita?"

Ya ɗago ya dube ni. Na ce ai shi ya koya mini cewa kashewar rabi da rabi ƙarya take faɗa. An kashe shi, shi kuma ya koma ta taga yana toshe bakin duk mai shirin kuka, sannan ya zo bencina yana mamakin shiru. Ya ce ban gane ba ne, shi ba zai iya jin injin na ciwo ya yi gum ba, direbobi za su wuni a fili ba laifinsu. Na ce to ya ci gaba da jinya kyauta, ni kuma zan nemo masa ƙusa mai kyau ta rataye agogon bango.

Ashe Maman 'yan biyu na tsaye a bakin ƙofa, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ta miƙo tafin hannunta, wai ya ba ta wayar. Ya yi ta kame-kame. Daga baya ya ce shi ba zai ɓace a ɓoye kamar ɓarawo ba. Ya kira Malama ya gaya mata a fili cewa daga yau wayarsa a kashe take, kwafin komai na nan inda ta sani, ba abin da zai salwanta, in abu ya gagara ta hau bene ta faɗa wa manaja da babbar murya. Sannan ya kashe wayar ya miƙa. Maman 'yan biyu ta ce ba za ta shiga da ita gida ba, don mutumin da ya san saman kabad ba wurin da zai gagare shi. Ta ba ni. Na cusa ta can ƙasan kwandon safar mai gida, inda ko ɓera sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Daga nan sai shiru. Shiru na gaske. Kwana na wucewa, motocin kamfanin na bin babban titi da ke ƙarshen layinmu ɗaya bayan ɗaya, cike da kaya, lafiya lau. Kowace ta wuce sai ya bi ta da ido kamar wanda aka mara. Ni ma na fara ƙirga kwanakin da suka rage a watan. An ce baki shi ke yanka wuya, to wannan karon bakina ne, wuyan kuma na maƙwabci. Amma ban nuna masa ba. Na ce tunda sana'a na neman kuɓuce masa bari in koya masa wata. Na ba shi dutsen guga. Ya ce sai ya fara gwadawa a tsumma. Ya guge hannun riga ɗaya, ya tsaya yana jiran ya ga ko wani abu zai faru kafin ya taɓa ɗayan. Na ce masa a wannan tafiyar mai rigar zai yi ritaya kafin ya sa ta.

Wata ya zo gab da ƙarewa. Ran nan da hantsi yana tsaye yana fama da wuyan wata riga, sai na ga ya ɗaga kai kamar akuyar da ta ji motsin dusa. Ya ce tun safe ko mota ɗaya ta kamfanin ba ta wuce ba. Na leƙa titi, gaskiyarsa. Fuskar nan tasa ta rabu biyu, rabi na son murmushi, rabi kamar an ce ɗansa na asibiti. Ya ce in ba shi wayar, kallo kawai zai yi. Na ce shiru ba kuka ba ne, ya ci gaba da wuyan rigarsa. Ya ce don girman maƙwabtaka. Na zauna a kan kwandon.

Ba a daɗe ba muka ji hon, irin wanda ke kaɗa hanjin ciki. Wata ƙatuwar mota ta kunno kai layinmu, layin da ko motar haya sai ta tsuke ciki take shiga. Ta shafi rumfar mai shayi, ta kwashe igiyar shanyata da zanin gado biyu ta yafa a goshi. A kujerar gefen direba ga Ɗan Kwat, yau ba kwat, riga ta jiƙe sharkaf. Daga baya muka ji cewa motoci sun cushe filin kamfani har tasa motar ta rasa hanyar fita, sai ya tari wannan da ta dawo fanko ba ta kai ga shiga ba.

Ya sauko, ya gaida Maman 'yan biyu da ta fito da ludayi a hannu, ya dubi Injiniya da dutsen guga, ya ce:

"Baba Injiniya, an yi kuka."

Mutumin naku bai ajiye dutsen ba. Ya ce, "Wa ya yi? Ai sai an san mai ɗakin."

"Direbobi. Masu ɗakin ajiya. Mai gadi ma ya yi." Ɗan Kwat ya share zufa. "Da ni."

Abin da ya faru, yadda na fahimta, ɗakin albashi da ɗakin kaya ne suka yi karo a ƙofa ɗaya saboda hidimar ƙarshen wata. Kowanne ya riƙe abin da ɗayan ke nema, kamar motoci biyu da suka haɗa goshi a lungu, ba mai ja da baya. Mai buga takardar fita kuma yana bayansu a layi. Dole a ja ɗaya baya, in kuma aka ja wanda bai dace ba aikin safiyar gaba ɗaya sai an sake shi. Malama na zaune gaban allon kwamfuta tun safe, hannunta a kan madanni, ta ƙi dannawa.

Na tono wayar daga kwando, Injiniya ya karɓa da yatsu biyu yana kau da hanci. Na matso kusa na raɗa masa cewa ya ja abin, ya yi ta huci yana girgiza kai, kada ya bari yaron nan ya ga abin da sauƙi. Ko kallona bai yi ba. Ya kira, ya saurara, sannan ya ce:

"Malama, ke wanne kike ganin a ja baya?"

Ta faɗa. Ya ce, "To, ja shi."

Na dafe kai. Na ce a raina wannan bawan Allah da hannunsa ya buga ƙusar agogon. Ga shi ya nuna wa manaja ƙiri-ƙiri cewa Malama ta san amsa tun safe.

Ɗan Kwat ya tsaya har wayarsa ta fara ƙara ana gaya masa takardu sun soma fita. Sannan ya ce shi ma gwajin ya koya masa abin da bai nema ba. Gidan da ɗan haya ya san inda famfo yake amma ba ya iya murɗawa sai wakili ya yi gyaran murya, wannan gidan ba lafiya gare shi ba, kuma laifin wakili ne. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Manajan ya ce amma ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma ba shi ya kafa ta ba: abin da aka yi wa kuka, kunna shi ake yi. Ya ce Injiniya ya dawo kujerarsa, ya fara binciko wanda ya matsar da lokacin aikin albashi har ɗakunan suka yi karo, daga nan kuma babban aikinsa shi ne ya zauna gefen Malama da sauran, hannunsa a aljihu, har su saba dannawa ba tare da sun waiwayo shi ba.

Injiniya ya ce in ya yi haka da kyau, wata rana za a sake kashe shi kuma ba mai ko tari. Manajan ya ce haka yake fata. Injiniya ya ce to ranar a bar shi ya zare wayar da kansa.

Kafin wani ya canza shawara, Maman 'yan biyu ta fizgo rigar sanyin daga kan teburina, ko gugewa ban yi ba, ta jefa ta cikin motar ta taga. Ta ce wa manaja in ya kuskura ya sake turo mata shi hutu, ita da kanta za ta zo ƙofar kamfani ta yi kukan da zai sa ya raina na direbobi. Aka tura Injiniya sama ya zauna tsakanin direba da manaja, motar ta fita da baya-baya, zanin gadona na kaɗawa a goshinta.

Yanzu yakan dawo gida da wuri, wayarsa kuma takan wuni ba ta yi ƙara ba, har yana girgiza ta ya ji ko tana da rai. Murafen tukwane sun koma mazauninsu. Ran nan ya tsaya a teburina karɓar rigunansa, ya dubi shagon sama da ƙasa, ya ce me zai hana ni ma in rufe na ɗan lokaci mu ga ko unguwa za ta yi kuka. Na ce masa akwai sabon mai guga a layin baya, da dutse mai fesa tururi. Ni dai ko zazzaɓi nake yi, a bakin teburin nan zai same ni.